Kwazazzabo Bai Jira Babban Baƙo Ba

Tunda yanzu an ɗora maka shugabancin ƙungiyar unguwa, zauna in ba ka wani misali, ka riƙe shi da kyau. A wata unguwa ta bayan gari akwai kwazazzabo da ruwa ke ci duk damina, har ya ciwo gindin ɗakin wata tsohuwa mai sai da daddawa. Ba ta da ɗa ba ta da jika, daga ita sai akuyarta. Da aka yi hutu, ɗaliban unguwar da ke karatu a kwaleji suka ce ba za su zuba ido ɗakin ya tafi ba. Suka bi wuraren gini suka roƙo buhunan siminti da aka zazzage, wani mai tifa ya juye musu yashi kyauta, suka aro shebur da baro, za su cika buhuna su tare bakin ramin. Ba wanda ya sa su, ba kuma wanda zai biya su. Tsohuwa ta yi ta sa musu albarka har da hawaye, ta jiƙa gero ta ce kunun ranar aiki nata ne. Kwatsam sai ga shugaban ƙungiyar unguwa cikin babbar riga. Ya yaba musu sosai, ya ce amma aiki irin wannan ba a fara shi kamar gyaran akurki. Sai an yi bikin ƙaddamarwa, babban baƙo ya zo daga birni ya ɗebi shebur na farko, an ɗauki hoto. Ya sa aka kwashe kayan aka kulle a shagonsa, wai kada a sace. Yaran masu ladabi ne, ba su iya musu da babba ba, suka ce to.

Aka sa rana, baƙo ya yi tafiya. Aka sake sawa, wai yana wurin ɗaurin aure. Geron tsohuwa ya yi tsami ta zuba wa akuya, hadari kuwa kullum sai ya haɗo daga gabas. Wata ɗaliba ta kasa haƙuri, ta je gaban shugaban ta durƙusa ta ce, "Baba, a ba mu makulli mu fara, in ya so ranar da baƙon ya zo sai ya ɗebi nasa." Ya ce mata ita yarinya ce, ba ta san yadda ake tafiyar da jama'a ba. Ka ji fa, wai jama'a! Hutu ya ƙare, ɗalibai suka koma makaranta rai a ɓace, yashin kuma maƙwabta suka yi ta ɗiba da kwano har ya ƙare. Wata la'asar aka sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kafin magariba ɗakin ya rufta cikin kwazazzabo, tsohuwa na ciki. Da shebur ɗin nan aka tono ta, don ran nan kam makulli bai yi wuyar fitowa ba. Babban baƙo ya iso ranar sadakar uku, ya yi ta'aziyya, aka ɗauki hoto.

Wallahi duk sanda na tuna sai raina ya ɓaci. Kai dai in matasa suka kawo ƙarfinsu kyauta, in ba za ka kama musu ba, to ka matsa musu daga hanya. Hausawa suka ce, rijiya ta bayar, guga ya hana.