Wasan da Yaya Ya Tsayar a Hawa na Takwas

Ranar da Mama ta yarda ta fito da akwatin gem, na wasan bidiyo, daga durowarta, Auta bai je wurin walda ba. Ya ce wa ogansa ba ya jin daɗin jikinsa, kuma ba ƙarya ya yi ba.

Wata biyar ke nan da Yaya ya ajiye hannun gem a kan kujera, ya zari makullin babur. "A hawa na takwas nake. Ka taɓa min, sai na cire maka kunne. Yanzu zan dawo." Tirela ce ta same shi a kwanar kasuwa. Wasan kuwa yana nan inda ya tsayar da shi, saura hawa ɗaya a gama.

Wasan ba ya da tausayi. Ƙananan sanduna biyu ne a jikin hannun: babban yatsan hagu yana tafiya da kai, na dama yana harbi, kowanne da nasa hankalin. Kana gudu gaba, kana harbin abin da ke bin ka a baya. In aka kashe ka, bindigogi da duk abin da ka tara sun tafi, ka koma hawa na ɗaya, ɗakunan ma sun sake fasali. Wasan da aka tsayar aka ajiye, dama ɗaya gare shi. Ka mutu, ya goge har abada.

Shi ya sa Auta bai matsa ba da Mama ta kulle akwatin. "Ba yanzu ba," take cewa duk lokacin da ya tambaya. "Ƙarar nan ba zan iya jin ta ba tukuna." Shi ma ya san hannunsa bai kai ba. Yaya ne gwani, shi ɗan kallo ne.

Sai ya koma shagon Mai Gem, kusa da wurin aikinsu. Kullum da rana, abokan aiki na cin abinci, shi yana can da yatsu baƙi ƙirin yana mutuwa. A hawa na biyu. A na uku. A na biyu kuma.

"Kai Auta, makabarta ma ta gaji da kai," in ji Mai Gem wata rana. Sai ya tuna rasuwar Yaya, ya kama bakinsa.

Auta bai ji haushi ba. Abin da ya riƙe shi a wasan ke nan: wuri ne da ake mutuwa, allo ya yi duhu kaɗan, mutum ya sake miƙewa da ƙafafunsa a bakin ƙofa kamar ba a yi ba. Kuma muddin harsasai na zubowa kamar ruwan sama, babu gurbin tunani a kansa.

A gida shiru ya yi yawa. Ɗinkin mutane ya taru a kan keken Mama, ita da ba ta saɓa alkawari. Idanunta kullum ja. Ta ɗaure babban yatsanta da filasta, ta ce almakashi ne. Auta ya ce baƙin ciki ne ke cin ta, ya ƙara dagewa. Gani yake in ya kai wasan ƙarshe, wani abu zai sauka daga kan gidan.

Sau uku a jere ya kai hawa na takwas a shagon. Da ya gaya mata, ta daɗe tana kallon ƙasa. "To," ta ce. "Gobe da hantsi."

Yanzu ga shi zaune a kujerar Yaya, Mama na gefe da riga a cinya tana sa maɓalli. Ya kunna. Hawa na takwas. Ɗan mayaƙin da ake wasan da shi yana tsaye a tsakiyar ɗaki, yana jira.

Auta ya duba kayan da ke jikin ɗan mayaƙin. Garkuwa har uku. Maganin rauni cike da jaka. Yaya da ke cewa garkuwa ta matsorata ce! Ashe a wasansa na ƙarshe ya koyi tattalin rai, amma bai tafi da shi kan titi ba. Auta ya share ido da kafaɗa, ya tura sandar hagu.

Ɗaki na farko, na biyu, na uku. Gumi na bin bayansa. Garkuwa ɗaya ta fashe. Ya samu matakala, ya hau na tara.

Dodon ƙarshe ya cika allo. Auta bai taɓa ganin sa ba. Harsasai suka buɗe kamar laima, ya kutsa tsakaninsu, ya kewaya, ya yi ta harbi har yatsansa ya mutu. Garkuwa ta biyu ta tafi. Jinin dodon ya sauko rabi, ya wuce rabi.

"Bar kusurwar nan!" Mama ta daka tsawa.

Bai bar ta da wuri ba. Garkuwa ta uku ta fashe, harsasai suka rufe shi.

Allon ya yi duhu. Da ya dawo, ɗan mayaƙin yana bakin ƙofar hawa na ɗaya, hannu wofi.

Auta ya saki hannun gem ya faɗi a kan tabarma. Kukan da bai yi a makabarta ba ya taso masa gaba ɗaya. "Na kashe masa, Mama. Ya ce kar na taɓa. Ɗan mayaƙin nan kaɗai ya rage yana jiran Yaya, na kashe."

Mama ta ajiye rigar, ta sauko ƙasa kusa da shi, ta jawo kansa ta ɗora a cinyarta kamar yana ɗan shekara biyar. Ta riƙa shafa bayansa.

"Ba nasa ka kashe ba, Auta. Nasa ni na kashe, kwana uku da binne shi, garin son in ga abin da yake kallo na ƙarshe. Wannan nawa ne. Tun ranar, kana fita aiki nake kunnawa, sai makon jiya na samu na mayar maka da shi hawa na takwas."