Azurfar Rumawa a Hannun Tsohon Falke

Kai da kake saurin gyara wa mutane kayansu ba su sa ka ba, tsaya ka ji wannan.

An yi wani falke da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana fatauci tsakanin Kano da Tarabulus. A can ya kamu da son tsofaffin kuɗin azurfa na Rumawa, irin waɗanda manoma kan tono a kufai. Ƙanana ne, sun yi baƙi don daɗewa, kowanne da kan wani sarki. Ya yi ta bin masana da tambaya har ya san sarakunan ɗaya bayan ɗaya: mai gemu, mai dogon hanci, mai kaurin wuya. Da tsufa ya zo, ido ya tafi, abokan tafiya duk suka riga shi gidan gaskiya, sai kuɗin nan suka zama abokan hirarsa. Kullum da hantsi yakan zazzage jakar da yake ajiye su a kan buzu, ya bi kowanne da babban yatsa, ya kira sunan sarkin, ya faɗi garin da ya same shi da wanda suke tare a ranar.

To, al'adar gidan ce, in Sallah ta matso a tattara awarwaro da zobban mata a kai maƙera a wanke. 'Yarsa mai tausayinsa ce ƙwarai. Baƙin kuɗin ya tsaya mata a rai, sai ta haɗa da su ba ta gaya masa ba. Maƙeri kuwa ya yi aikin da ya saba: ya jiƙa su a ruwan tsamiya, ya dirje da yashi, inda baƙin ya ƙi fita ya bi da magagari, har suka yi fari fat, sumul kamar bayan cokali. Zanen kawunan sarakunan, wanda dama shekaru suka cinye rabinsa, ya ƙarasa tafiya.

Ranar Sallah ta juye masa su a hannu tana murna. Ya shafa na farko, ya ajiye. Ya shafa na biyu, ya juya, ya sake shafawa. Haka ya bi su duka. Can sai ya ce, "Uwata, su wane ne waɗannan? Ban san kowa a cikinsu ba." Daga ranar bai sake tambayar jakar ba. Ita kuwa ba da mugunta ta yi ba, kuma wannan ne ya fi ba ni tausayi.

Gaskiyar masu iya magana: garin neman gira, an rasa ido.