Sunan Yanka

Tun da aka kafa Dokar Suna, lasifika ba ta ɗaukar "matar wane" ko "maman wane". Ƙungiyar Mata Mu Miƙe ce ta yi fafutukar dokar, Hajiya Barira na shugabanta.

Ranar walimar nasara, Barira ta tashi gode wa mataimakiyarta, wadda suka sha rana tare a zanga-zanga.

"Ina Maman Sadiku?"

Lasifika ta ɗauke wuta. Barira ta maimaita, shiru. Ta lalubi sunan yankan matar a ranta, babu shi. Mata sun zuba mata ido.

Mataimakiyar ta matso, ta raɗa mata, "Suwaiba ne, Hajiya."

Wannan kam lasifika ta ɗauka, har bakin titi.