Madarar da Ta Ƙi Barci

Tun da magunguna suka daina ci, aka zuba wa rijiyoyinmu wata 'yar halitta mai cinye ƙwayoyin cuta. Ta gama aikinta, ta yi barci a cikin kowa. Likitoci suka ce in ta farka ba ta zaɓen abin da za ta cinye, kuma madara ce za ta fara nunawa.

Da hantsi Uwani ta je sayen kindirmo wajen tsohuwa Dudu.

"Inna, a zuba mini ludayi biyu."

Dudu ta ɗaga faifai. Madarar tsararo, kamar yanzu aka tatso.

"Tun shekaranjiya ta ƙi barci, 'yar nan," in ji Dudu ƙasa-ƙasa. "Duk rugarmu haka."

Uwani ta dafa cikinta, ta ji wani abu yana miƙa.