Ƙawar Phoebe ta Cikin Waya

Jethro bai iya rubutu irin na yara ba, dole ce ta koya masa. Yana zaune a shagonsa na gyaran fanka a Barnawa, riƙe da ƙaramar wayar 'yarsa Phoebe, yana danna harufa a hankali kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.

Shi ya sayo wayar. Matarsa Rhoda ta yi faɗa har muryarta ta dishe, wai me 'yar aji huɗu za ta yi da waya. Ya ce mata a shago wayar za ta zauna, in yarinya ta taso makaranta ta yi wasa a gabansa, ai shi ma uba ne. Rhoda ta saɓi jakarta ta tafi rumfarta a Kakuri, ba ta ƙara tada maganar ba.

To, a gaban nasa aka shigo. Cikin wasan nan na gina gidaje wata ta ɓullo, wai ita Celina, sa'ar Phoebe. Ranar da Jethro ya leƙa hirarsu, sai ya sake karantawa. Wace yarinya ce za ta san makarantar Phoebe, da sunan mai keken da ke ɗauko ta, har da tabon ƙunar da ke gwiwarta? Ya bi hirar daga farko, babu inda Phoebe ta faɗi ko ɗaya. Babban mutum ne wannan, kuma ya daɗe yana bin sawunta.

Ya rasa ta ina zai ɓullo. In ya toshe mutumin, ai bai toshe masa hanyar makaranta ba. In kuwa zai gaya wa Rhoda, da wane baki? Sai ya karɓe wayar, ya ce wa Phoebe ta lalace, kada ta gaya wa mamanta. Daga nan shi ya ci gaba da amsawa da sunan 'yarsa, yana jan mutumin sannu a hankali don ya fito fili.

Aka kwana biyu, saƙon ya iso: "Ranar Asabar in za ki koyon waƙa, ki tsaya ƙarƙashin mangwaron bayan coci, zan ba ki kyauta. Amma kada Mama ta ji."

Ya rubuta: "To. Ai ni ba na gaya wa Mama komai, faɗanta ya yi yawa."

Da ya koma gida a unguwar Romi da yamma, ya tarar da idon Rhoda ya yi ja. Ta ce attaruhu ne. Ta zuba musu tuwo, ita ba ta taɓa ba, sai kallon Phoebe take yi. Tausayinta ya kama shi, ya ce a ransa uwa ce, jikinta ya ba ta. Ya buɗe baki zai faɗa, kunya ta danne maganar.

Ran Asabar, bayan Rhoda ta fita, ya kai Phoebe gidan ƙanwarsa ya ce kada ta leƙa ko ƙofa. Ya ari keke mai ƙafa uku a wajen abokinsa Nicholas, ya ajiye shi nesa kaɗan da mangwaron, ya koma kujerar baya ya saki labulen leda. Sifana na aljihunsa. Zafi ya cika keken, gumi na shiga masa ido, amma ba damar motsi. Duk namijin da ya gifta sai ya bi shi da ido. Tsoro yake ji ƙwarai, na mutumin da kuma na abin da hannunsa zai aikata.

Wayar ta motsa: "Na iso. Kina ina?"

Ya damƙi sifanan, ya ɗaga gefen labulen. Babu ƙato, babu mota. Mace ɗaya ce tsaye ƙarƙashin mangwaron, ta zuba wa hanya ido, waya a hannu guda, ɗayan hannun yana share hawaye da bakin zane.

Rhoda ce, ita ce Celinar, ta zo ta gani da idonta ko da gaske 'yar da ta haifa za ta bi baƙo ba tare da ta gaya mata ba.