Mai Jira a Tashar Madawa

"Hajiya, tsohuwa ba ta cikin ɗaki!"

Mai jinyar ce a salula, tana haki. 'Ya'yan tsohuwar suka ɗauke ta aiki tun da ruɗin tsufa ya kama uwarsu, don duk sun watse: mazan na Abijan, babbar ɗiyar na aiki a Yamai. Ita babbar aka kira. Ko kaya ba ta ɗaure ba ta faɗa mota.

A Galma, ƙauyensu na kusa da Madawa, an leƙa rijiyoyi, an ratsa gonakin hatsi, 'yan kabu-kabu sun bazu. Shiru.

Gab da magariba motar ta sauke ta a tashar Madawa. Can gindin itacen bedi ta hango uwarta zaune, ƙafafu duk ƙura, tana leƙen fuskar kowane fasinja.

"Inna!"

Tsohuwar ta yi mata kallon baƙuwa.

"Baiwar Allah, daga Yamai kike? Ɗiyata nika jira, ta farin."

Sai ta faɗi sunan, cike da baki, tana murmushi.

Ga ɗiyar har da furfura, amma ba ta taɓa jin sunanta a bakin nan ba, saboda kunyar 'yar fari.

"Kin san ta? In kun gamu, kar ki ce na ambace ta."

Ɗiyar ta share hawaye, ta zauna kusa da ita a ƙasa.

"Na san ta, Inna. Tana tafe. Bari in taya ki jira."