Farar Kaza

Ƙunshin kayan ɗansu da ya rasu a aikin soja ya iso daga Masar ranar da aka gama askin tumaki. Uwar ta kwance shi a kan teburin cin abinci: reza da bai kai ga buƙatarta ba, safa, sai farin gashin kaza guda.

Mijinta ya ɗaga gashin. Duk jiharsu ta Kwinslan an san ma'anarsa. Shi ake ajiye wa saurayin da ya ƙi tafiya yaƙi, a nuna masa shi matsoraci ne.

"Ashe wannan ne ya fitar mini da yaro! Ko harsashi ɗaya bai harba ba, ƙyanda ta kashe shi a tanti kamar jariri. Wace la'ananniya ce ta ba shi?"

Uwar ta ninke safar. Ta tuna matan coci masu 'ya'ya a bakin daga, yadda suke tare ta kowace Lahadi: "Naki fa? Har yanzu ba ki yaye shi ba?" Ta tuna safiyar da yaron ya tsinci gashin a cikin takalminsa, ya dube ta, ya sa a aljihu.

"In na gano ta, sai na murɗe mata wuya," in ji mijin.

Ta nufi akurki. Kaza ɗaya ce fara a ciki. Ta murɗe mata wuya, ta fige ta tas, ta ƙone gashin.

Da yamma mijin ya ci naman yana hawaye. "Ke kaɗai kika rage mini," ya ce.

Ta ƙara masa romo.